Kwakwar Attagara: Tarihin Shigowar Man Kwakwa Ƙasar Hausa da Irin Fuskar da Yake Karɓa

Gabatarwa

A cikin nazarce-nazarcen da aka yi kan adon Hausawa da kayan kwalliyarsu, an fi mayar da hankali ga lalle da kwalli da kitso da tsagar fuska. Mayukan shafawa kuwa sai aka bar su a baya, alhali su ne abin da hannu ke fara kaiwa gare shi kowace safiya bayan wanka. Wannan maƙala za ta ɗauki mai guda ɗaya daga cikinsu, wato man kwakwa, ta bi sawunsa daga inda ya fito har zuwa fuskar Bahaushe.

Abin da ya sa na zaɓi wannan mai shi ne wasu maganganu guda biyu da na sha ji a bakin masu sayar da shi da masu tallarsa. Ta farko, wai man kwakwa gadonmu ne, da shi kakanninmu mata suka yi ado. Ta biyu, wai yana karɓar kowace irin fuska, babu wadda yake ɓatawa. A ganina duka biyun ba su da tushe, kuma rashin tushen nasu a haɗe yake. Wanda ya san ƙasar da aka haifi wannan mai, da irin iskar da ke kaɗawa a can, zai fi saurin gane dalilin da ya sa yake gyara wata fuskar ya kuma fesa wa wata ƙuraje.

Abin da sunan ya ɓoye

Idan Bahaushen dauri ya ce kwakwa, ba wannan babbar da muke fasawa mu sha ruwanta yake nufi ba. Kwakwar manja yake nufi, wadda ake samun man ja daga namanta, a kuma sami man alayyadi daga ƙwallonta. Babbar kwakwa mai ruwa a ciki sai da aka yi mata laƙabi kafin a bambanta ta da waccan, aka kira ta kwakwar Attagara. Da wannan suna Dalziel ya rubuta ta a cikin littafinsa na sunayen tsirrai da Hausa wanda aka buga a 1916.

Attagara kuwa sunan da Hausawa suka san ƙasar Igala da shi ne, wato yankin Idah da ke bakin kogin Kwara, inda sarkinsu ke amsa sunan Atta. Sunan ba baƙo ba ne a tarihinmu, domin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kawo a cikin Infaƙul Maisuri cewa a Attagara ne Sarauniya Amina ta Zazzau ta rasu. Al'adar Bahaushe ce ya laƙaba wa kaya sunan ƙofar da suka shigo masa, ko da ba can aka yi su ba. Fahimtata ita ce fataken da ke bin Kwara zuwa kudu su ne suka riƙa hawowa da wannan kwakwa ɗai-ɗai daga kasuwannin bakin kogi, sai sunan wurin ya bi ta. Abin da ake kawowa tsaraba, a fasa a rarraba wa yara, ba shi ne za a tara a matse mai a cika ƙoƙo ba. Wannan kaɗai ya isa ya sa a yi shakkar maganar gado.

Akwai kuma hujjar ƙasa da ruwan sama. Bishiyar kwakwa tana son ruwan da ya kai milimita 1,500 ko fiye a shekara, wanda kuma ya rarrabu a cikin watanni, tare da iska mai laima. Ruwan Kano da Katsina da Sakkwato galibi bai cika wuce milimita 1,000 ba, kuma a cikin wata huɗu zuwa biyar yake zuba ya ɗauke, sai rani mai tsawo. Ana iya ganin bishiya ɗaya ko biyu a lambu ko a gidan mai hali inda ake ban-ruwa, amma ba ta taɓa zama itacen gona a ƙasar Hausa ba kamar ɗorawa ko kaɗanya ko giginya.

Inda aka haife ta

Asalin kwakwa can gabas ne. A shekarar 2011 wasu masana tsirrai uku, Gunn da Baudouin da Olsen, suka wallafa binciken da suka yi kan ƙwayoyin halittar kwakwa sama da 1,300 da aka tattaro daga sassan duniya. Suka gano cewa a wuri biyu daban-daban mutane suka fara noma ta. Ɗaya shi ne tsibiran kudu maso gabashin Asiya, wajen Filifin da Malesiya da Indunisiya. Ɗayan kuma kudancin Indiya da Siri Lanka da tsibiran Maldif. Duka wuraren nan bakin teku ne, masu zafi da gumi da yawan ruwa, inda fata ba ta san abin da ake kira hunturu ba.

A waɗannan ƙasashe man kwakwa shi ne man gida, kamar yadda man gyaɗa ya zama a wurinmu. Da shi ake girki, da shi ake kunna fitila, da shi ake shafe jariri, da shi mata ke gyaran gashi. Mutanen Kerala a kudancin Indiya sun shahara da shafa shi a kai da jiki kafin wanka. A Tahiti, can tsakiyar tekun Fasifik, ana jiƙa furen wata bishiya mai ƙamshi a cikinsa a sami man da suke kira monoyi. Abin lura a nan shi ne yawancin wannan amfani a gashi ne da gaɓoɓin jiki, kuma a Indiya sau da yawa shafawa ake yi sannan a wanke. Ɗora shi a fuska a kwana da shi, a matsayin man fuska na kullum, sabon salo ne da kasuwar zamani ta yayata.

Akwai shaida ɗaya da nake ganin ta fi kowace dacewa da wannan nazari, domin ido ɗaya ne ya ga mayukan nan biyu, kowanne a gidansa. Matafiyin nan ɗan Maroko, Ibn Batuta, ya ga kwakwa a Zafar da ke kudancin ƙasar Larabawa wajen 1330, sannan ya zauna a tsibiran Maldif a 1343 zuwa 1344 har ya yi alƙalanci a can. Ya siffanta ta da kan mutum mai idanu da baki, ya bayyana yadda ake tufka igiyar ɗinke jiragen ruwa da zarenta, da yadda ake samun madara da zuma da mai daga gare ta. Man kuwa ya ce ana kunna fitila da shi, ana ci, mata kuma suna sa wa gashinsu. Bayan kamar shekara goma, a 1352 zuwa 1353, wannan mutum ya ratso Sahara ya zo daular Mali, ya kuma bi ta Takedda a hanyarsa ta komawa. A wannan tafiya bai ambaci man kwakwa ba. Man da ya tarar shi ne na wani ɗan itace da ya kira garti, wanda ake daka ƙwallonsa a fitar da mai, a yi girki da shi, a kunna fitila, a shafa a jiki, har a cuɗa shi da ƙasa a yi yaɓen ɗaki. Masana sun tafi a kan cewa kaɗanya yake nufi. Ke nan tun ƙarni na 14 kowane yanki yana da mansa: gabas da kwakwa, ƙasashen Sudan ta yamma da kaɗe.

Kaɗen ma ya girmi zamanin Ibn Batuta nesa ba kusa ba. Tonon da aka yi a Kirikongo ta ƙasar Burkina Faso, wanda aka wallafa sakamakonsa a 2016, ya nuna ana sarrafa ƙwallon kaɗanya a wurin tun wajen shekara ta 100 Miladiyya. Shi ma Mungo Park ya yabi man a tafiyarsa ta 1796 a ƙasar Bambara.

Yadda ta iso gaɓar tekunmu

Kwakwa ta daɗe a gabashin Afirka, a Zanzibar da Mombasa da Madagaska, saboda cinikin jiragen ruwa tsakaninsu da Indiya da ƙasar Larabawa da tsibiran Asiya. Yammacin Afirka kuwa sai bayan da Basko da Gama ya kewaya ƙarshen Afirka ya isa Indiya a 1498. Daga nan Turawan Fotugal suka riƙa ɗauko irin suna dasawa a tsibiran Kef Bade da sauran sansanoninsu na bakin teku, daga can kuma ta haye zuwa Barazil. Binciken 2011 da na ambata ya tabbatar da wannan, domin kwakwar yammacin Afirka jinin ta tekun Indiya ce.

A Nijeriya, gonar kwakwa da aka fi ambata a matsayin ta farko ita ce wadda 'yan mishan na ɗarikar Katolika suka kafa a tsibirin Topo kusa da Badagiri a 1876. Har yau yankin Badagiri ne cibiyar nomanta, kuma Jihar Legas ta kafa hukuma ta musamman domin bunƙasa kwakwa a 1996. A Gana kuma yankin Keta ne ya yi suna da ita, kafin wata cuta mai kashe bishiyar, wadda aka fara gani a 1932, ta yi masa ɓarna. Amma ko a bakin tekun ma kwakwa ba ta ture kwakwar manja ba. Yarabawa da Ibo da sauran maƙwabtanmu na kudu da man alayyadi da man kaɗe suka fi shafe jiki.

Turawa su ne suka mayar da kwakwa hajar duniya a ƙarni na 19, lokacin da masana'antun sabulu da na man shafa wa burodi suka buƙaci mai da yawa. Sai aka shiga busar da naman kwakwa ana loda wa jirage zuwa Turai a matse a can. Wannan busasshiyar kwakwa takan yi datti da hayaƙi da fumfuna a hanya, don haka dole a tace man, a cire masa launi da wari. Wannan shi ne tataccen man kwakwa na masana'anta, kuma ta cikin sabulu da man gashi ya fara shiga gidajen mutane da yawa ba tare da sun san sunansa ba. Har yau Indunisiya da Filifin da Indiya ne ke kan gaba wajen noman kwakwa a duniya.

Abin da ke cikin ƙoƙon kakanninmu

To da me matan ƙasar Hausa suke shafa fuska kafin duk wannan? Na farko man kaɗe. Shi ne na hunturu, na kaushi da faso, na leɓen da ya tsage, na jariri da mai jego, na targaɗe da ciwon gaɓoɓi. Sai man shanu, wanda Fulani suka fi kowa sanin kansa, musamman wajen kitso. Sai man gyaɗa da na riɗi, waɗanda akan lakata daga na girki. Sai man alayyadi, baƙi mai ƙauri, wanda fatake ke kawowa daga kudu, ana shafa wa yara ana kuma sa wa gashi. Na lura cewa wasu suna rikita alayyadi da man kwakwa, saboda dukkansu daga abin da ake kira kwakwa suka fito, kuma ina kyautata zaton daga wannan rikicin suna ne maganar gado ta samo ƙarfinta. Gaskiya ne ta fuskar sinadari 'yan uwan juna ne, amma bishiyoyinsu daban, tarihinsu daban.

Wani abu da ya kamata a yaba wa tsofaffinmu shi ne ba su ɗauki mai a matsayin abin kullum ba tare da duba lokaci ba. Da sanyi ake dulmuya yaro da man kaɗe har ya riƙa ƙyalli. Da bazara kuwa, lokacin da gumi ke tsiyaya, ba a cika damuwa da shi ba. Fuskar budurwa mai maiƙo ba a ƙara mata mai, sai dai a wanke ta da sabulun salo.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka haɗe hanyar da Ikko a shekarar da ta biyo, sai kayan kanti suka malalo arewa. Cikinsu har da basilin, wanda Robert Chesebrough ya yi wa rajista a Amurka a 1872, ana samun sa daga ɗanyen man fetur. Basilin ba shi da warin man kaɗe, ba ya lalacewa, ga shi a kwalba mai kyau, don haka ya shiga kayan lefe ya zauna daram. A wannan jirgi da motocin da suka biyo baya ne kwakwar Attagara ta zama abin da ake gani a kasuwa kullum, har ta shiga alawa da kwakumeti, sunanta ya gajarce ya koma kwakwa kawai, ita kuwa ta asalin sai an ce kwakwar manja kafin a gane ta. Baƙuwa ta ƙwace sunan 'yar gida.

Man nata kuwa ya makara ƙwarai. Sai daga farkon shekarun 2000, lokacin da Filifin da Indiya da Siri Lanka suka fara tallata man da ake cirewa daga ɗanyar kwakwa ba tare da tacewar masana'anta ba, sannan duniya ta waiwayo shi a matsayin kayan gyaran jiki. A wurinmu ya zo ya tarar da kasuwa a buɗe, domin shagunan magungunan Musulunci sun riga sun saba wa mutane da sayen man zaitun da man habbatus sauda a ƙananan kwalabe. Daga baya wayar hannu da Facebook da WhatsApp suka ƙarasa aikin. Mata suka koyi haɗa shi a gida: a goge kwakwa, a tace madararta, a bar ta ta kwana, a kwashe abin da ya taso sama, a ɗora a wuta kaɗan-kaɗan har man ya rabu. Sana'a ce mai kyau, ta kuma rufa wa gidaje da yawa asiri. Sai dai shekarunta a ƙasar Hausa ba su kai na mutum ɗaya ba.

Fuska da fuska

Kafin a yi maganar wace fuska yake karɓa, ya kamata a fahimci abin da mai yake yi wa fata. Mai ba ya shayar da fata ruwa, domin babu ruwa a cikinsa. Aikinsa shi ne ya yi shimfiɗa a saman fata ya rage gudun ruwan da ke fita daga cikinta, ya kuma cike 'yan tsagogin da ke tsakanin ƙwayoyin fatar da suka bushe, sai a ji ta yi laushi. Shi ya sa shafa mai a kan fatar da ke da sauran danshin wanka ya fi shafa shi a kan busasshiya amfani. Wajen tare ruwa kuwa babu man itacen da ya kamo basilin.

Man kwakwa ya bambanta da yawancin mayukan itace. Kusan rabinsa wani sinadarin kitse ne da ake kira lorik, wanda babu shi a man gyaɗa ko man zaitun sai ɗan abin da ba a rasa ba. Man kaɗe kuwa sinadaran siteyarik da oleyik ne suka rinjaye shi. Wannan lorik shi ne tushen alherin man kwakwa, ana kuma zarginsa da hannu a cikin sharrinsa.

Ga mai busasshiyar fata, wadda ke yin fari tana saɓa, tana ɗaurewa bayan wanka, akwai hujja mai kyau. A 2004 likitocin fata biyu a Filifin, Agero da Verallo-Rowell, suka gwada man kwakwa da farin man da ake samu daga fetur a kan mutum 34 masu bushewar fata, suka tarar duka biyun sun ƙara wa fata danshi, kuma man kwakwa bai gaza ba. A 2014 aka sake wani gwaji a ƙasar, a kan yara 117 masu ciwon nan na bushewa da ƙaiƙayi da likitoci ke kira egzima, na tsawon mako 8, sai waɗanda aka shafa wa man kwakwa suka fi samun sauƙi. Masu talla suna yawan jingina da waɗannan bincike, kuma ba su yi ƙarya ba. Abin da ba su faɗa shi ne gwajin farko a ƙafa aka yi shi, ba a fuska ba. Fatar ƙwauri ba ta da yawan jakunkunan da ke fitar da maiƙo, fuska kuwa, musamman goshi da hanci da haɓa, cike take da su. Duk da haka, dattijuwa ko duk wanda fuskarsa ta bushe kuma ba ya fama da ƙuraje, zai iya shafa ɗigo biyu ko uku da dare a kan fata mai danshi ya ga amfaninsa.

Mai fuska mai maiƙo kuwa, a nan ne matsalar take, kuma ita ma tana da tarihinta. A 1970 wasu likitoci uku a Amurka, Plewig da Fulton da Kligman, suka bayyana wani nau'in ƙuraje da suka gani a goshi da gefen fuskar baƙaƙen fata maza masu yawan shafa man gashi, inda man ke gangarowa ya toshe ƙofofin gashi. A 1972 Kligman da Mills suka nuna cewa kayan kwalliya ma suna haddasa irin wannan ga mata. Daga nan aka riƙa amfani da hanyar gwada kowane mai a cikin kunnen zomo, a ga ko zai toshe ƙofofin fata. A jadawalin da Fulton ya fitar a 1989, wanda ke da maki daga 0 zuwa 5, man kwakwa ya sami 4. Wannan lamba ce har yau ake yawo da ita.

Ba na son a ɗauki lambar nan tamkar hukuncin alƙali. Kunnen zomo ya fi fuskar mutum saurin toshewa, kuma a 2006 Draelos da DiNardo suka nuna cewa man shafawar da aka haɗa da ɗan kaɗan na irin waɗannan sinadarai ba lallai ne ya toshe fatar mutum ba. Amma tsagwaron man kwakwa da ake ɗebowa daga kwalba a mulke fuska da shi ba ɗan kaɗan ba ne, shi ne ɗari bisa ɗari. Don haka likitocin fata suke shawartar mai maiƙo da mai ƙurajen fuska su nisance shi, kuma ina tare da su.

Akan kawo wata hujja a nan, cewa ai lorik yana kashe ƙwayar cutar da ke sa ƙuraje. Gaskiya ne an nuna haka a ɗakin gwaji a 2009. Sai dai a gwajin tsantsar sinadarin aka yi amfani da shi, a cikin mai kuwa a ɗaure yake da wasu sinadarai, kaɗan ne ke sakuwa a kan fata. Sannan ƙurji ba daga ƙwayar cuta yake farawa ba, daga toshewar ƙofa yake farawa. Ga baƙar fata kuma abin bai tsaya a ƙurji ba. Kowane ƙurji idan ya warke yakan bar baƙin tabo da ke ɗaukar watanni kafin ya dusashe, kuma neman kawar da wannan tabo shi ne ke kai 'yan mata da yawa ga man bilicin. Wannan ita ce asarar da ta fi damuna a cikin lamarin: yarinya ta sayi mai don an ce mata na gargajiya ne ba ya cutarwa, bayan wata biyu ta koma neman abin da zai cutar da ita da gaske.

Yawancin mutane ba su cikin waɗannan rukunai biyu kacokan. Goshi da hanci suna maiƙo, kumatu suna bushewa. Irin wannan fuska, idan har za a shafa, to a tsaya a kumatu da gefen baki, a bar tsakiyar fuska. Mai kitso ko mai gyaran gashi da man kwakwa shi ma ya lura da abin da ke gangarowa goshi da abin da matashin kai ke kwasa ya mayar wa kumatu da dare.

Akwai kuma masu ƙyasbi da masu amosanin kai wanda ke saukowa gira da gefen hanci yana saɓa. Waɗannan suna ganin fata tana fari sai su ɗauka bushewa ce, su ƙara mai. Alhali abin da ke haddasa su wani nau'in fumfuna ne da ake kira Malasiziya, wanda ke zaune a fatar kowa, ba ya iya ƙera kitsen kansa, sai ya ci wanda ya tarar. Lorik yana cikin irin kitsen da yake iya ci. Shafa masa man kwakwa kamar zuba wa gara ruwa ne. Magani ake nema a nan, ba mai ba.

Mai fata mai saurin fushi, wadda ke yin ja ko zafi da an taɓa ta da sabon abu, da wadda bilicin ya sa fatarta ta yi siriri, su fara gwadawa a bayan kunne ko a gefen muƙamuƙi na 'yan kwanaki. Tsagwaron man kwakwa ba shi da turare ko sinadarin adanawa, don haka bai cika jawo borin fata ba, amma wanda ake sayarwa a kasuwa sau da yawa an zuba masa turare ko an haɗa shi da kurkum da lemon tsami da wasu abubuwan da ba a rubuta a jikin kwalba ba. Kuma man kwakwa ba ya kare fuska daga rana, ko da an ce yana yi.

Hunturu da kwalbar da ta daskare

Fuska ɗaya ma ba ta zama iri ɗaya duk shekara a ƙasarmu. Daga Disamba zuwa Fabrairu laimar iska takan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100, fuskar da ke maiƙo a watan Agusta sai ta koma tana saɓa. A wannan lokaci ne man kwakwa ya fi samun masu yabonsa, amma kuma a lokacin ne rauninsa ke fitowa, domin mai ne marar kauri, ba ya jure iskar hunturu kamar man kaɗe ko basilin. Wanda ya shafa shi da safe ya hau babur zuwa kasuwa, kafin azahar fuskarsa ta yi furu-furu. Da damina da bazara kuwa, lokacin da iskarmu ta fi kama da ta ƙasarsa ta asali, fuskar yawancin matasa ba ta bukatar ƙarin mai ko kaɗan.

Hunturu yana kuma tona wani abu game da man kansa. Man kwakwa yana narkewa ne a zafin da ya kai kamar digiri 24 a ma'aunin Salshiyos, ƙasa da haka sai ya daskare ya yi fari kamar kitse. A Kerala ko Badagiri ba a cika ganin haka ba, amma a Kano da Zariya da Jos, inda sanyin asuba ke sauka ƙasa da digiri 15, kwalba takan kwana ta sandare. Na sha ganin masu saye suna mayar da irin wannan kwalba suna cewa an yi mata algus, masu shago kuma suna jera kwalabe a rana don su narke kafin mai saye ya zo. Alhali wanda ya kwana a sanyin Janairu ya wayi gari yana nan ruwa tsululu, shi ne abin tuhuma, domin ko dai an sirka shi da man gyaɗa ko farin man fetur, ko kuwa irin wanda masana'anta ta cire wa yawancin lorik ɗinsa ne don kada ya daskare.